DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: Labarin Landiroba Daga Fagen Yaƙi Zuwa Kasuwan Garba

Duk mutumin da ya yi wayo a ƙasar Kontagora kafin shekarar 1980, idan aka ce ya faɗi motar da ya fara sani da idonsa, da wuya bai ambaci Land Rover ba, wadda bakin jama'a ya mayar Landiroba. Ita ce motar Di'o in ya fito rangadi, ita ce motar 'yan sanda, ita ce motar malamin dabbobi mai zuwa allurar shanu, ita ce kuma motar soja. A wancan zamani idan aka jiwo ƙuginta daga nesa, yara sukan sheƙa bakin hanya kallo, manya kuwa su gyara zama, don an san hukuma ce tafe, ko da alheri ko da akasinsa.

Yau kuwa ba kasafai ake ganinta a kan titi ba. Wadda ta yi saura sai dai a tarar da ita a bayan garejin kanikawa ko a kangon gida, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a ƙarƙashin kujera, 'yan gwangwan kuma suna ta zarya suna taya ta da kuɗin kilo. Alhali kuwa a Ingila, inda aka haife ta, irin wannan kwarangwal ɗin ne masu kuɗi ke nema ruwa a jallo, su gyara shi ya koma kamar ranar da ya fito daga masana'anta.

To, wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu, musamman mutanen Kasuwan Garba da Mariga da Bangi da ke neman abinci a Agege da Idi-Araba da Mile 12, da Sabon Ibadan da na Shagamu. Idan akwai irin wannan mota a gidan gado, ko aka yi wa mutum tallar ta, ta da ta za a yi, ko kuwa a bar wa masu narka ƙarfe? Kafin a yanke shawara, ya kamata a san asalinta da halinta.

HANYAR GIDA

Kasuwan Garba yana cikin ƙaramar hukumar Mariga, wadda hedkwatarta ke Bangi, a masarautar Kontagora ta Jihar Neja. Ƙasa ce ta noma da kiwo. Masara da dawa da wake da gyaɗa da shanun da ake lodi a kasuwannin wannan yanki, da yawansu ta Mokwa da Jebba da Ilori suke bi su sauka a kasuwannin Ibadan da Ikko. Wato dai abin da mai karatu ke saye ko sayarwa a Bodija ko a Mile 12, ba mamaki daga gonar ƙauyensu ya taso.

Amma fa wahalar ba a kan kwalta take ba. Wahalar tana tsakanin gona da ranar kasuwa. Da zarar damina ta kankama, a watan Agusta da Satumba, hanyoyin ƙauyuka sukan koma taɓo, rafuka su kawo, ƙaramar mota ta kafe tun ba a je ko'ina ba. Babur ya taimaka ƙwarai, amma babur ba ya ɗaukar buhu goma, kuma ba shi ne abin hawan mace mai naƙuda ko tsoho marar lafiya ba. Irin wannan hanya ce aka ƙera Landiroba dominta tun farko.

UWARTA JIF CE TA YAƘIN HITILA

Asalin labarin daga Yaƙin Duniya na Biyu ya taso. A lokacin ne Amurka ta fito da wata 'yar ƙaramar mota mai ja da ƙafa huɗu, wadda ake kira jif, kuma kamfanonin Willys da Ford suka ƙera fiye da 600,000 kafin a gama yaƙin a 1945. Tsofaffin sojojin Arewa da suka je Bama sun san ta sarai. A ƙarshen 1943 da farkon 1944, sojojin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, da 'yan Nijeriya a cikinsu, su ne suka sare daji da duwatsu da adda da diga, suka fitar da hanyar jif mai tsawon fiye da mil 70 zuwa kwarin kogin Kaladan. Mazauna Kudu suna wuce sunayen wuraren wannan yaƙi kullum, wataƙila ba tare da sun lura ba: barikin Arakan a Apapa, da na Myohaung a Yaba, da na Letmauk a Ibadan, duk sunayen wurare ne na ƙasar Bama.

Bayan yaƙi, wani Bature mai suna Maurice Wilks, babban mai tsara motoci a kamfanin Rover na Ingila, yana amfani da tsohuwar jif ta soja a gonarsa da ke tsibirin Anglesey. Da ya ga irin aikin da take yi, sai shi da wansa Spencer Wilks, wanda ke shugabantar kamfanin, suka yi shawarar su ƙera tasu domin manoma. Ta gwaji ta farko, a 1947, a kan ƙashin jif aka ɗora ta. Ranar 30 ga Afrilu 1948 aka nuna sabuwar motar ga duniya a bikin baje kolin motoci na birnin Amstadam, a ƙasar Holan.

Abubuwa biyu da aka san Landiroba da su, duk yaƙi ne ya haddasa su. Na farko, a lokacin ƙarfe ya yi wuya a Ingila, gwamnati ce ke raba shi da awo, amma alminiyon da ake jiragen sama da shi ya fi samuwa. Saboda haka aka yi mata jiki da alminiyon, shi ya sa har gobe bodinta ba ya tsatsa. Na biyu, koren fentin da aka shafa wa na farko-farko, ragowar fentin jiragen yaƙi ne. Ashe ke nan tun ranar suna da rigar soja aka yi mata zane.

Ba a daɗe ba kuwa sojan Ingila suka ɗauke ta aiki, a 1949, daga nan ta bazu cikin rundunonin ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. An yi mata siffa iri-iri: ta ɗaukar majiyyata, ta ɗaukar na'urar oba-oba, da wata marar nauyi da aka fara a 1968 wadda jirgi mai saukar ungulu ke iya ratayawa ya tashi da ita. Har akwai wadda aka shafa wa fenti ruwan hoda domin aikin hamada, don an lura wannan launi yana sajewa da rairayi.

AIKINTA A NIJERIYA

A ƙasar nan Landiroba ta yi wa hukuma bauta ta kowace fuska. Gwamnatin Jihar Arewa da hukumomin En'e sun dogara da ita wajen rangadi da karɓar haraji da jangali. Lokacin da aka ƙaddamar da babban gangamin allurar bushiya a 1962, wanda ya haɗa Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, irin waɗannan motoci ne suka riƙa kai ma'aikata rugagen da babu hanya.

A yaƙin basasa kuwa, daga 1967 zuwa 1970, ta ɗauki hafsoshi, ta ɗauki harsashi, ta kwaso waɗanda suka ji rauni, wasu ma an girka musu babbar bindiga a baya. Iyalai da yawa a Arewa ba su manta da ita ba, domin wani a cikinta aka ga tafiyarsa ta ƙarshe, wani kuma a cikinta ya dawo gida.

Kontagora kuwa gari ne da ya san soja, soja suka san shi. Tun kafuwarsa a hannun Umaru Nagwamatse a ƙarni na 19 garin mayaƙa ne, kuma sai da Turawa suka zo da igwa a 1901 kafin su ci shi a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim. A yau akwai barikin sojan manyan bindigogi a garin. Daga nan ne Kanar Sani Bello ya fito, wanda ya yi gwamnan soja a Jihar Kano daga 1975 zuwa 1978, haka kuma Manjo Janar Mamman Kontagora, wanda ya riƙe Ma'aikatar Ayyuka da Gidaje ta Tarayya a zamanin Janar Babangida. Duk garin da ke da bariki kuwa, yakan samu direbobi da kanikawa da suka koyi aiki cikin kaki, su yi ritaya su buɗe gareji, su koya wa na baya.

Akwai lokacin da ake harhaɗa Landiroba a nan gida. Cikin masana'antun motoci da gwamnatin soja ta kafa a shekarun 1970, irin su Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Ikko da Steyr a Bauci, akwai Leyland a Ibadan, kuma Land Rover tana cikin abin da take fitarwa. Da kuɗin mai ya ja baya, aka shiga tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi daga 1986, sai aikin ya durƙushe. A daidai wannan lokaci motocin Japan, wato Land Cruiser da Hilux, suka ƙwace kasuwa, saboda sun fi ta gudu, sun fi ta daɗin zama, ba su kuma cika yoyon mai ba. A Ingila ma an rufe layin tsohon samfurin, wanda tun 1990 ake kira Defender, ranar 29 ga Janairu 2016 a masana'antar Solihull, bayan an ƙera fiye da miliyan 2.

Duk da haka ba ta mutu ba. Wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambila a Jihar Taraba ya ga tsofaffin Landirobobi a Gembu suna jigilar mutane da kaya zuwa ƙauyukan da sabuwar mota ba ta kuskura ta nufa. Kanikawan can sun riƙe su da rai shekara da shekaru. Abin da ya yiwu a Mambila, babu dalilin da zai hana shi yiwuwa a ƙasar Mariga.

YADDA AKE GANE SHEKARUNTA

Mai sayen doki haƙori yake dubawa. Ita ma Landiroba tana da nata alamomin. Idan fitilun gaba suna kusa da juna a tsakiya, gefen ragar lagireto, to motar ta girmi 1969 ko wajen haka, domin daga nan ne aka mayar da su kan fikafikai. Idan ragar gaban ta roba ce ba ta ƙarfe ba, agogunan kuma suna gaban direba maimakon tsakiya, wannan samfuri na uku ne, wanda aka yi daga 1971 zuwa 1985. Tsawonta iri biyu ne, gajera mai inci 88 tsakanin ƙafar gaba da ta baya, da doguwa mai inci 109, wadda ita ce ta lodi.

A duba sitiyari kuma. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972. Motar da sitiyarinta ke dama, ko dai ta riga wannan rana shigowa, ko kuma daga baya aka kawo ta daga Ingila.

Wadda ta yi aikin soja tana da nata tambarin. Sau da yawa akan tarar da bamba mai hawa biyu a gaba, da ƙugiya mai kauri ta jan tirela ko igwa a baya, da tankin mai biyu a ƙarƙashin kujeru. Waɗanda aka yi domin ɗaukar oba-oba lantarkinsu mai ƙarfin 24 ne, ba 12 irin na sauran motoci ba. Wannan ya kamata mai saye ya sani tun da wuri, don kayan wutarta ba su haɗuwa da na gama-gari, kuma wanda ya sa mata ƙwan fitila na 12 zai ƙona shi nan take.

TA INA AKE FARA GYARA?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da fenti. Jikin alminiyon yakan ruɗi mai saye, ya ga bodi garau, bai san ƙashin da ke ƙasa ya rube ba. Shasin Landiroba ƙarfe ne, kuma taɓon da ya maƙale a cikinsa shekara da shekaru yana cin sa ta ciki. Sai a shiga ƙarƙashi da guduma a bi shi ana ƙwanƙwasawa, musamman gindin baya da wuraren da sifirin ke kamawa. Inda ya yi ƙara tangaran lafiya lau ne, inda ya yi bif kuwa aikin mai walda ya samu. Haka nan bangon da ke tsakanin injin da direba, shi ma ƙarfe ne, yakan huje ta wajen da ake sa ƙafa. A lura kuma da duk inda alminiyon ya haɗu da ƙarfe, nan yakan yi farin gari ya zagwanye.

Bayan ƙashi sai birki. Birkinta na ganga ne a ƙafa huɗu, yana son a riƙa ɗaure shi a kai a kai, kuma robobin da suka shekara a ajiye ba abin amincewa ba ne ko da sun yi kyan gani. A sauya su duka, da bututan man birki. Motar da za ta ɗauki mutane ranar kasuwa, ba a yi mata rowa a nan.

Injin ɗin da aka fi samu shi ne mai silinda huɗu, lita biyu da kwata, wanda aka fara a 1958, akwai na fetur akwai na gas. Ba shi da kwamfuta, ba shi da wani sirri. Bakanike mai sifana da sukundireba da haƙuri zai kwance shi a gindin bishiya ya mayar. Wannan shi ne babban abin da ta fi sababbin motoci da shi a ƙauye, inda babu na'urar binciken cutar mota.

Sai kuma giya. Ban da babban sandan giya, akwai wasu ƙanana biyu, mai jan kai da mai rawayan kai. In aka danna rawayan ƙasa, ƙafafun gaba sun shiga aiki ke nan. In aka jawo jan baya, motar ta koma ƙaramin gudu mai ƙarfi, na hawan tudu da fita daga taɓo. Amma a kiyaye, ba a tafiya da ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, domin yana murɗe ƙarafunan ƙafa har su karye. A riƙa duba man giya da na akasul da na ƙwallayen ƙafar gaba, don ita mota ce mai yoyo tun tana sabuwa.

A nan ne mazauna Kudu ke da rawar takawa. Kayan gyara sun fi samuwa a kasuwar Ladipo ta Ikko da Agodi Gate ta Ibadan, da Nkpor da Nnewi a Jihar Anambra. Wanda zai aika gida da kaya, ya sa a turo masa tsohon ko lambar shasi, don samfuri ya bambanta, kuma jabu ya yi yawa. Araha dai ba ta ado.

ABIN DA ZA A YI HATTARA DA SHI

Na farko, takardu. Motar da ta fito daga hannun soja ko 'yan sanda ko wata ma'aikata, dole a ga takardar gwanjonta, lambar shasi kuma ta dace da abin da ke rubuce. In babu, a haƙura, kome arhar ta.

Na biyu, launi. Mai son tarihi zai so ya mayar da ita koriya shar kamar yadda take a bariki, amma rundunar soja ta sha gargaɗin farar hula da su daina shafa wa motocinsu fentin soja. Ban da fushin hukuma ma, akwai abin da ya fi shi. Kowa ya san halin da ƙasar Mariga da maƙwabtanta suka shiga a hannun 'yan bindiga. A 2021 aka kwashe ɗalibai a Kagara cikin watan Fabrairu, aka kwashe 'yan Islamiyya a Tegina cikin watan Mayu, har gwamnatin jihar ta kai ga dakatar da kasuwannin shanu na mako-mako da hana sayar da mai a jarka a wannan shekara. A irin wannan wuri, motar da ta yi kama da ta soja tana iya jawo wa fasinjojinta harbin da ba da su aka nufa ba. Fari ko shuɗi ko ruwan ƙasa ya wadatar.

Na uku, sitiyarin dama. Dokar hanya ba ta yarda da shi ba, kuma jami'an kiyaye haɗurra suna kama irin waɗannan motoci. Mayar da shi hagu yana yiwuwa, amma aikin gwani ne, ba na mai koyo ba.

Na huɗu, shan mai. Mai injin fetur da ƙyar lita ɗaya ke kai ta kilomita 7, in da lodi ma ba ta kaiwa. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, wannan lissafi ya zama wajibi. Ba motar Kontagora zuwa Ikko ba ce, ba kuma ta tsere ba ce. Ribarta tana gajeren zango mai mugunyar hanya, inda babu mai yin takara da ita.

KADA A NARKA TARIHI

Turawa sun san darajar abinsu. A watan Disamba na 2015 an yi gwanjon motar da ta cika ta miliyan 2 a Landan a kan fam 400,000. A 2016 kamfanin da kansa ya shiga neman tsofaffin samfurin farko guda 25 domin ya sabunta su ya sayar. Wannan ba yana nufin kowace gawar mota da ke bayan gida dukiya ce ba, kada wani ya ji labari ya ƙi cinikin gaskiya. Abin nufi shi ne, abin da wasu ke adanawa, bai kamata a nan a farfasa shi a yi tukwane da shi ba tare da an tsaya an duba ba.

A nan gida ma akwai misali. Motar da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana ajiye a gidan tarihi na Onikan a Ikko, kayan yaƙin basasa kuma suna gidan tarihin yaƙi na Umuahia. Yaro ya fi gane tarihi in ya gan shi da ido, ya taɓa shi da hannu. Masarautar Kontagora, da irin tarihin da take da shi na mayaƙa da sojoji, ta cancanci a ce akwai ko da Landiroba guda da aka gyara aka ajiye, da bayanin inda ta yi aiki da waɗanda suka tuƙa ta, tun tsofaffin direbobin da kanikawan suna raye suna iya ba da labari.

Ƙungiyoyin 'yan asalin yankin da ke taro duk wata a Ikko da Ibadan suna iya sa wannan cikin abin da za su tattauna. Kuɗin da ake tarawa domin hidimar gida, in aka samu mota mai lafiyayyen ƙashi da cikakkun takardu, zai iya ta da ita ta zama ta kai marasa lafiya asibiti da damina, a damƙa ta hannun direba mai amana, a kuma ware abin gyara tun daga farko. In kuwa ƙashin ya riga ya rube, a cire injin da giya da akasul a sayar wa mai bukata, wata ta rayu da su.

Allah ya kawo zaman lafiya a Kasuwan Garba da kewayenta, ya kiyaye matafiya, ya mai da kowa gida lafiya. Amin.